Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa Maso Yamma: A Biya Rangwame Kan Aikin Da Ya Tabbata

Masu girma Gwamnonin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ina neman ku ba ni aron kunne kan wata magana da ta shafi yadda jihohinku ke zawarcin masu kuɗi su zo su kafa masana'antu. Sana'ata lissafin kuɗi. Littattafan ƙananan kamfanoni nake riƙewa, irin masu casar shinkafa da masu matse gyaɗa da masu narka roba, don haka abin da zan faɗa daga teburin mai kamfani na gano shi, wurin da ake zama da biro a ga ko za a iya biyan albashin wata.

Kusan babu jiha a cikinku da ba ta da hukumar jawo masu zuba jari. Kaduna na da KADIPA, Kano na da KanInvest, Jigawa na da InvestJigawa, sauran ma kowa da tasa. Ana shirya taruka, ana sa hannu kan yarjejeniyoyi, ana alƙawarin fili kyauta da yafe haraji, kuma a kowane taro sai an ambaci dubban ayyukan da za a samar. Roƙona gare ku guda ɗaya ne, sauran duk bayaninsa ne: kada a ƙara ba wani kamfani rangwame saboda alƙawari ko saboda tsadar injin da ya shigo da shi. A ba shi saboda mutumin da ya ɗauka aiki, ya biya shi albashi, ya riƙe shi. Kuma rangwamen ya fi kauri a ƙananan hukumomin da talauci ya fi yi wa katutu.

Ba sai na tsaya ina gaya muku halin da yankin ke ciki ba, kun fi ni sani. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwambar 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa a Najeriya, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta, alhali Ondo na da kashi 27. A karkara kashi 72 ne, a birni kashi 42. Waɗannan alƙaluma biyu na ƙarshe su ne suka fi damuna, domin suna nuna cewa ko a cikin jiha ɗaya ba a taru an zama ɗaya ba. Talaucin Nasarawa ta Kano daban, na ƙauyukan Sumaila daban.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokokin tarayya sun taɓa yin la'akari da wurin da aka kafa kamfani, yanzu kuwa sun daina. A da, a dokar harajin kamfanoni akwai wani sashe, na 34, da ke ba da rangwame ga kamfanin da ya kafu aƙalla kilomita 20 daga inda gwamnati ta kai wuta da ruwa da kwalta, ya kuma kashe kuɗinsa ya samar da su. Idan babu ko ɗaya a wurin, rangwamen kashi 100 ne na abin da ya kashe. Idan wuta ce babu, kashi 50. Ruwa, kashi 30. Kwalta, kashi 15. Dokar kuɗi ta 2023 ta soke wannan sashe. Haka kuma takardun tallar da NIPC, hukumar jawo masu zuba jari ta ƙasa, ta daɗe tana rabawa sun ɗauki alƙawarin hutun haraji na shekara bakwai ga kamfanin fayoniya (wato wanda ya shiga fannin da gwamnati ta ware don bunƙasawa) da ya zauna a ƙaramar hukumar da aka bari a baya, da wani ɗan sauƙi ga masana'antar da ta dogara da hannun mutane fiye da inji. Tsarin fayoniyar kansa, wanda ya samo asali daga dokar 1971, ya kasance yana yafe harajin riba na shekara uku, a iya ƙara biyu.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta maye gurbin fayoniya da wani tsari dabam. Yanzu kamfanin da ya zuba jari a ɗaya daga cikin fannonin da aka zaɓa zai riƙa samun ragin haraji na kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe kan gini da injuna, duk shekara har shekara biyar. Ta wata fuskar wannan gyara ne, domin sai ka kashe kuɗin a zahiri kafin ka ci moriya, kuma tsohon tsarin ya sha zargin cewa manyan kamfanonin da ba su buƙata su ne ke kwashe shi. Amma ku dubi ma'aunin: wane fanni ne, kuma nawa ka zuba. Wanda ya kafa a Agbara ta jihar Ogun, kusa da tashar jirgin ruwa da bututun gas, da wanda ya kafa a Gumi ko Gwadabawa, lissafinsu ɗaya. To don me zai zo Gwadabawa? Kuma tunda jari ake aunawa, wanda ya sayo injin da ke aikin mutum ɗari ya fi wanda ya ɗauki mutum ɗarin samun lada. Gaskiya ne dokar ta ƙara wani sauƙi kan albashin sababbin ma'aikatan da aka riƙe shekara uku, amma shi ma bai tambayi a wane gari ba.

A nan, ranku ya daɗe, zan yi muku ƙorafi. A watan Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna tare da sarakuna suka ƙi amincewa da yadda aka tsara rabon harajin kayan masarufi a ƙudurin dokar. An yi ta kai ruwa rana har aka sauya tsarin rabon. Madalla. Wannan ya nuna idan kuka haɗa kai ana jin ku. Sai dai duk ƙarfin ya tafi ne wajen kason da zai shigo baitulmalin jiha kowane wata. Sashen da ya shafi inda masana'antu za su zauna nan da shekara ashirin ya wuce ba tare da an ji irin wannan kururuwa a kansa ba. An yi faɗa kan rabon abin da ake tarawa, an bar maganar inda za a samar da shi. Har yanzu ƙofa ba ta rufe ba, domin doka ana yi mata gyara, kuma yankinku na da sanatoci 21 da ɗimbin 'yan majalisar wakilai. Ku sa su nemi a ƙara wa kamfanin da ya kafu a ƙananan hukumomin da ƙididdiga ta tabbatar da talaucinsu wani kaso a kan kashi biyar ɗin nan. Bayelsa da Ebonyi da jihohin Arewa maso Gabas za su mara muku baya, don su ma abin ya shafe su.

Amma kada a ɗauka yafe harajin riba shi ne maganin. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin masana'anta ya san haka. Harajin kamfani kashi 30 ne na riba. Idan babu riba, an yafe maka kashi 30 na babu. Sabuwar masana'anta a yankinmu takan yi shekaru tana fama kafin ta ga ribar kirki, kuma abin da ke cinye ta ba haraji ba ne. Wuta ce ta farko. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, mai masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya shiga tsaka mai wuya: ko ya biya wannan farashi, ko ya kunna janareta da man dizal da aka ɗauko a tanka tun daga kudu. Takwaransa na Ikeja ko Ota yana da zaɓin gas. Sai kuɗin mota: kowane inji, kowane kayan gyara, kowane sinadari sai ya hau tirela kusan kilomita dubu daga Legas. Sai shingayen hanya da masu rasit iri-iri. Sai kuɗin masu gadi. Idan ka tara waɗannan, ka ce wa mutum ka yafe masa harajin ribar da bai samu ba, murmushi kawai zai yi ya ce ya gode, ya koma Ogun.

Tarihinmu ma ya isa ya koya mana. An kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957 zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya har Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau tana da inda za ta. Masaƙar ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta bi sahu a 2007. Bayan haka gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. Kuɗin ya fita, amma ku shiga Kantin Kwari yau ku ƙirga atamfar da aka saƙa a gida. Bashi mai sauƙin ruwa bai hana atamfar waje shigowa ta ɓarauniyar hanya ba, bai kuma sauko da kuɗin man da tukunyar masaƙa ke sha ba. An ba da tallafin ne ga kamfani don ya rayu, ba a ɗaura shi da adadin mutanen da za su koma bakin aiki ba, shi ya sa ba wanda zai iya fitowa ya ce ga abin da kowace naira ta saya.

Ga kuma kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, wanda aka gina don ya riƙa markaɗa tan 1,200 a rana. An buɗe shi a 2016, a shekarar tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir, ya tsaya. Gwamnatin tarayya ta zo a 2017 ta ƙara kuɗin fito kan markaɗaɗɗen tumatir na waje, har da dala 1,500 kan kowane tan, duk don a kare irinsa. Duk da haka ya yi ta buɗewa yana rufewa, saboda manomi yakan ga farashin kasuwa ya fi na kamfani, ga ƙarancin amfanin da kadada ke bayarwa. Ba laifin mai kamfani nake gani ba, ba kuma na manomi ba. Abin lura shi ne, attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka, da kariyar gwamnati a bayansa, bai iya sa inji ya yi aiki ba sai gona ta yi. Yankunan ciniki maras haraji na Fanisau da Maigatari su ma sun daɗe da samun lasisi, kuma a takarda babu irin sauƙin da ba a ba su ba. Na Maigatari dogaronsa iyaka ce, iyakar kuwa an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Wane ɗan kasuwa zai zuba jari a ƙofar da ba shi da tabbacin gobe a buɗe take?

Inda abin ya yi kyau kuwa, dalilin a bayyane yake. Simintin Kalambaina a Sakkwato ya bunƙasa saboda dutsen farar ƙasa na nan, kasuwa na nan har Nijar. Injunan shinkafar Argungu da Birnin Kebbi sun tsaya saboda fadamar na nan, manoman na nan. Rangwame yana taimakon kamfanin da dama yana da dalilin zama a wuri. Riɗi da zoɓon Jigawa, cittar Kachia, albasar Aliero da Goronyo, fata da ƙirgin Kano da Sakkwato, waken soya da masarar Kaduna da Katsina, waɗannan su ne dalilan da muke da su. Mafi yawansu ɗanye suke barin yankin, ayyukan sarrafa su kuma suna samuwa a wani wuri.

To yaya za a biya kan aiki? Ba abu ne mai wuyar tsarawa ba. Jiha ta ware asusu da doka, ba da umarnin baki ba. Kamfanin da ya ɗauki sabon ma'aikaci, ya biya shi ta banki aƙalla mafi ƙarancin albashi, ya zuba masa kuɗin fansho, bayan wata goma sha biyu sai ya kawo shaida a mayar masa da wani kaso na albashin. Shaidar ba ta buƙatar wani kwamiti ya je yawon gani da ido, inda za a jera masa leburorin da aka ɗauko haya don ranar. Lambar NIN ta ma'aikaci, bayanin banki, da takardar kamfanin fansho sun isa. Dokar fansho ta 2014 ta riga ta wajabta wa mai aiki zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma kuɗin da ya shiga asusun fansho yana barin sawu. Ƙaryar ma'aikatan bogi a nan tana da tsada, don sai ka biya kafin a mayar maka da ɗan abin da bai kai wanda ka biya ba.

Bari mu yi lissafi a fili. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. A ce jiha ta ɗauki rubu'insa, naira 17,500 a wata, wato naira 210,000 a shekara kan mutum ɗaya. Ma'aikata 10,000 sun kama naira biliyan 2.1 a shekara. Ku kwatanta da kuɗin gadar sama guda ɗaya a babban birnin jiha. Ba ina cewa gada ba ta da amfani ba, amma tun bayan cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, don haka ba za a ce babu kuɗi ba. Kuma kyawun wannan tsari shi ne, idan ba a ɗauki kowa ba, ba a biya ko sisi ba. Wani zai ce a mayar wa kamfani da harajin albashin ma'aikatansa kawai, tunda dama na jiha ne, kamar yadda Afirka ta Kudu ke yi wa masu ɗaukar matasa tun 2014. A wurinmu wannan ba zai yi nauyi ba, domin sabuwar doka ta yafe haraji kan naira 800,000 ta farko a shekara, mai ƙaramin albashi kusan ba ya biyan komai. Dole kuɗin ya fito daga asusu.

Akwai abin koyi a abin da ya faru a jihar Wisconsin ta Amurka. A 2017 kamfanin Foxconn ya yi alƙawarin zuba dala biliyan 10 da samar da ayyuka 13,000, jihar kuma ta yi alƙawarin rangwamen kusan dala biliyan 3. An yi bikin aza harsashi da shugaban ƙasa a wurin. Masana'antar da aka yi alƙawari ba ta tabbata ba. A 2021 aka sake zama, aka rage ayyukan zuwa 1,454, rangwamen ya koma dala miliyan 80. Abin da ya ceci baitulmalin jihar shi ne an ɗaure biyan da adadin ma'aikata. Inda aka yi asara shi ne abin da aka kashe tun da farko, wato filayen da aka tashi mutane a kai da hanyoyi da ruwan da aka ja. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da 'yan jarida masu bin diddigi, ku auna abin da ke faruwa a wurinmu idan aka miƙa kadada dubu tun ranar sa hannu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Maganar fili ma ita ce ta fi kusa da hannunku, domin dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasa. Duk filin da za a ba kamfani a ba shi kashi-kashi, da wa'adi a rubuce: idan shekara biyu ta wuce ba gini ba ma'aikata, fili ya dawo. Mun ga filayen da aka karɓa daga manoma da sunan masana'anta, aka kewaye da katanga, bayan an kwana biyu aka yanka fulotai. Manomin da aka ba diyyar da ba ta kai ta kawo ba yana kallo. Irin wannan shi ke sa duk lokacin da aka ce mai zuba jari na zuwa, mutanen ƙauye su fara zargi maimakon murna. A ɗaya gefen kuma ga mai ƙaramar masana'anta da ya sayi filinsa da guminsa, yana bin takardar mallaka ofis-ofis, ba tare da ita ba kuwa banki ba zai saurare shi ba. Fitar masa da takardar nan cikin wata biyu ya fi masa duk wani hutun haraji. Shirin SABER na Bankin Duniya, mai dala miliyan 750, yana biyan jihohi ne daidai kan irin waɗannan gyare-gyare, kuma shi ma sai an yi ake biya. Kun yarda da wannan sharaɗi a kanku, sai ku ɗora shi a kan kamfanoni.

Dole kuma rangwamen ya bambanta daga wuri zuwa wuri, in ba haka ba komai zai taru a Kano da Kaduna da gefen manyan birane, kamar yadda na ƙasa ya taru a Legas da Ogun. A raba ƙananan hukumomi aji-aji bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga, a rubuta jerin a cikin doka, kada a bar shi a hannun wanda zai sa garinsu a ajin farko. Wanda ya kafa a birni ya samu kaɗan, wanda ya je Birniwa ko Sabuwa ko Tangaza ya samu ninki. Indiya ta gwada irin wannan a 2003, ta ba jihohin tsaunuka na Himachal Pradesh da Uttarakhand hutun haraji mai tsawo, har garin Baddi ya zama cibiyar haɗa magunguna. Amma a can ma an ga kamfanonin da suka tsallako iyaka kawai daga jihohin maƙwabta. Wannan ita ce matsalar da za ku yi hattara da ita: mutum ya rufe a Dakata ya buɗe a wani ƙauye da ma'aikatan nan dai, ya ce ya samar da sababbin ayyuka. Maganinta a ƙirga jimillar ma'aikatan kamfani a jihohin bakwai gaba ɗaya, a biya kan ƙarin da aka samu. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kun yarda ku daina yi wa juna gwanjo, wannan ya ce fili kyauta, wancan ya ce fili kyauta har da ruwa. Mai jari ne kaɗai ke cin ribar irin wannan tsere.

Sai kuma wa ake nufi da mai zuba jari. A idon jami'anmu sai wanda ya sauka daga jirgi da tafinta. Amma wanda ya fi ɗaukar mutane aiki a garuruwanmu shi ne mai injin casa, mai gidan burodi, mai kamfanin ruwan leda, mai ɗinkin takalma, mai gyaran riɗi a Dawanau inda mata ke samun na cefane. Mai ma'aikata goma sha biyar da zai iya kai su talatin ya fi kusa da tabbata fiye da baƙon da ya yi alƙawarin dubu biyar. A sauko da ƙa'idar shiga ta yadda irinsu za su samu, a kuma yarda da aikin kaka, don casa da gyaran zoɓo ba duk shekara ake yi ba, sai a ƙirga watannin da aka yi. Wani amfanin shi ne da yawansu za su yi rajista su fara biyan albashi ta banki don su cancanta, jiha ta san da zamansu. Ina kuma ba da shawarar a ƙara kaso kan ɗaukar mata da kan yaran da aka koya wa aiki. Amma kada a sa sharaɗin takardar asalin jiha. Mazaunin ƙaramar hukumar shi ne abin dubawa, ko daga ina kakansa ya zo.

Wuta kuma yanzu ba ku da uzurin cewa ta Abuja ce. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samarwa da rarrabawa da kafa hukumar sa ido ta kansu. Muna jiran bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, kuma ranar da ya iso lissafin masana'antun Kaduna da Kano zai sauya. Amma bututun ba zai je Illela ko Kamba ba. Can rana ce za ta yi aiki. Tashar sola mai megawat 10 ta Kumbotso ta nuna ana iya gamawa idan an so, tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina da tashar wuta ta Kudenda a Kaduna kuma sun nuna yadda aiki ke tsufa kafin a ci moriyarsa. Ƙaramar tashar sola a wurin da aka tara masu casa ashirin, da farashi tsayayye na shekara biyar, rangwame ne da mai inji zai gani a littafinsa tun watan farko, ko ya ci riba ko bai ci ba.

Na san za a ce duk wannan tatsuniya ce muddin 'yan bindiga na tare hanya. Gaskiya ne babu rangwamen da zai kai injiniya inda za a sace shi. Sai dai ba dukkan ƙananan hukumomin da ke fama da talauci ne ke fama da 'yan bindiga ba. Jigawa na cikin jihohin da ƙididdiga ta sa a sahun gaba wajen talauci, kuma tana cikin mafiya zaman lafiya. A fara da inda za a iya.

Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024, mai hedikwata a Kano, ita ce ta fi dacewa ta riƙe rajistar ma'aikata ta bai ɗaya, ta kuma zuba kwatankwacin abin da kowace jiha ta zuba a asusunta. In ba a ba ta irin wannan aiki mai ma'auni ba, tsoron da jama'a ke yi shi ne ta zama wani gidan rabon kwangila da kayan tallafi, a raba kekunan ɗinki a ɗauki hoto.

Akwai abin da za ku iya yi tun kafin a rubuta wata doka, kuma ba ya cin kuɗi. Kowannenku ya umarci hukumar zuba jari da ta haraji da ma'aikatar ƙasa su wallafa jerin duk kamfanin da aka ba fili ko aka yafe wa haraji tun daga 2015: sunansa, girman filin, adadin da aka yafe, ayyukan da ya yi alƙawari, da mutanen da ke karɓar albashi a wurinsa yau. A kai wa majalisar jiha, a liƙa a intanet, a karanta a rediyo da Hausa. Wasu jerin za su faranta muku rai, don akwai kamfanonin da suka cika alƙawari kuma sun cancanci a san su. Waɗanda ba su cika ba, a ba su wa'adin wata shida su zo su yi bayani ko su mayar da fili. Ina roƙon a sa wannan a ajandar zamanku na gaba na ƙungiyar gwamnonin yankin.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani akanta mai riƙe littattafan ƙananan masana'antu, daga Kano